Daro da Tawul: Ƙorafi a Kan Limaman da Suka Manta Durƙuso

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ina cikin yaran da ke yi wa Fada hidima a bagadi, aka ba ni riƙon tawul a daren Alhamis Mai Tsarki. A wannan dare ne, kowace shekara, limamin Katolika yake tuɓe rigarsa ta sama, ya durƙusa gaban mutum goma sha biyu ya wanke musu ƙafa, don tuna abin da Yesu ya yi wa almajiransa a jajibirin mutuwarsa. Waɗanda aka jera a kan benci a cocinmu duk na san su: shugaban kwamitin coci, ɗan kwangilar da ya ba da kwanon rufi, wani tsohon kansila, da ire-irensu. Tun da la'asar aka aika musu cewa kowa ya zo da ƙafarsa a wanke. Fada ya ɗiga wa kowa ruwa a kan yatsu, na miƙa tawul, ya ɗan shafa, muka matsa gaba. Da muka gama, tawul ɗin yana nan fari fat kamar yadda aka fito da shi daga akwati.

Bayan an tashi, na rako kayan bagadi zuwa gidan Fada, sai na tarar da wata tsohuwa a bakin ƙofa. Daga wani ƙauye na bayan rafi ta taho a ƙasa. Mijinta yana gargara, tana roƙon a zo a shafa masa man marasa lafiya, a ba shi Jibin Ubangiji kafin rai ya yi halinsa. Mai gadi ya ce mata Fada ya gaji, gobe kuma akwai doguwar hidima, ta dawo bayan Ista. Fitilar ƙofa tana haska ƙafafunta, duk faso da jar ƙura. A daren nan kaf, ita kaɗai na gani da ƙafar da ke bukatar daro.

Na girma, na yi karatu, ban bar coci ba, kuma ba ni da niyyar barinta. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa yake yoyo. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, tawali'u da sadaukar da kai su ne ainihin aikin firist, kuma duk ranar da doguwar farar riga ta koma rigar sarauta, to mai sanye da ita ya ajiye aikin ko da kullum yana tsaye a bagadi. Zan kuma nuna cewa mu da muke zaune a kan benci muna da hannu dumu-dumu a wannan lalacewa.

Cocin da kanta ta riga ni faɗar haka. Babu wanda ake keɓewa firist sai an fara keɓe shi dikin, kalmar da asalinta a Helenanci take nufin bara mai hidima, irin wanda ke kai abinci gaban baƙi. A ranar keɓewa, kafin bishop ya ɗora masa hannu, sai saurayin ya kwanta rub da ciki a ƙasa, goshinsa a daɓe, jama'a suna yi masa addu'a. Shi kansa Fafaroma, ɗaya daga cikin laƙubansa tun zamanin Giregori Babba, wanda ya yi jagoranci daga shekara ta 590 zuwa 604, shi ne bawan bayin Allah. A Bishara ta Yohanna kuwa, sura ta 13, inda mai karatu yake jiran labarin gurasa da ƙoƙo kamar yadda sauran Bisharu uku suka kawo, sai ya tarar da daro da tawul. Wankin ƙafar baƙo a wancan zamani aikin bayi ne, shi ya sa Bitrus ya fara ƙi, don ya ga abin ya yi wa malaminsa ƙasƙanci. Bahaushe ya riga ya amsa wa Bitrus: durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. To, mutumin da ya shafe kusan shekara goma a makarantar horar da limamai yana jin wannan karatu safe da yamma, yaya aka yi ya fito ya kasa buɗe ƙofarsa ga tsohuwa?

Sau da yawa idan aka yi wannan tambaya, sai a amsa da sunayen tsarkaka. A ce ga Maksimiliyan Kolbe, ɗan Poland, wanda ya miƙa kansa a madadin wani magidanci da aka yanke wa mutuwar yunwa a sansanin Auschwitz, aka ƙarasa shi da allurar guba ran 14 ga Agusta, 1941. Gaskiya ne, kuma ina sunkuyar da kai idan an ambace shi. Amma ba kowane firist ne za a tsayar gaban sojan Hitila ba. Kowane firist dai za a ƙwanƙwasa masa ƙofa da dare. Saboda haka wanda ya fi dacewa a auna limamanmu da shi shi ne Fada Damiyan, domin nasa sadaukarwar ba ta yini ɗaya ba ce, shekara goma sha shida ya yi yana biyanta da kaɗan-kaɗan.

Ɗan manoma ne daga Beljiyam, an haife shi a 1840, ya isa tsibiran Hawayi a 1864 aka keɓe shi a can. A lokacin hukuma ta kafa dokar ware kutare, tana kwashe su a jirgin ruwa tana zubewa a wani lungu na tsibirin Molokai, teku ta gefe uku, ta bayansu kuma wani dogon dutse mai wuyar hawa. Wanda aka kai ba ya dawowa. A watan Mayu na 1873 Damiyan ya sauka a wurin da yardar kansa. Abin da ya sa nake son labarinsa shi ne ƙanƙantar ayyukan da suka cika kwanakinsa. Yana wanke gyambo yana ɗaurewa. Yana sassaƙa akwatin gawa da hannunsa, ya haƙa kabari, domin kafin zuwansa gawar wanda ba shi da gata ba ta samun sutura ta kirki. Ya gina ɗakuna, ya jawo ruwa da bututu, ya tattara marayu. Yana cin abinci da su a kwano ɗaya. Duk wanda ya san yadda muke yi da kuturu a ƙasar nan, yadda ake jefa masa sadaka daga nesa, yadda sunansa ya zama abin zagi a karin maganarmu, ya san nauyin wannan kwano ɗaya. Akwai lokacin da dokar keɓewa ta hana shi hawa jirgin da ya zo da wani ɗan'uwansa firist, sai ya matso a ƙaramin kwalekwale ya furta zunubansa da ƙarfi daga kan ruwa, mutane suna tsaye. Wata rana ya tsoma ƙafa a tafasasshen ruwa bai ji zafi ba, nan ya gane cutar ta kama shi. Ya ci gaba da aiki har ya rasu ran 15 ga Afrilu, 1889, yana da shekara 49.

Ba mala'ika ba ne. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida mutum ne mai taurin kai, mai saurin fushi, wanda ya sha saɓawa da shugabanninsa. Bayan mutuwarsa wani fasto a Honolulu ya rubuta wasiƙa yana kushe shi da ƙazanta da rashin wayewa, har marubucin nan Robert Louis Stevenson ya mayar masa da martani mai zafi a 1890. Wannan ya ƙara mini ƙarfin hujja. Tawali'un da nake nufi ba sanyin murya ba ne, ba kuma sunkuyar da kai a gaban kyamara ba. Ana gane shi ta wurin da mutum ya ajiye jikinsa, da wanda yake ci tare da shi, da wanda zai iya tashinsa daga barci.

Wani zai ce wannan duk labarin halin mutum ne, kowa da yadda Allah ya yi shi, firist mai ji da kai dai bai kashe kowa ba. Ina roƙon mai wannan ra'ayi ya dubi coci biyu a nahiyarmu, shekara ashirin tsakaninsu.

A watan Afrilu na 1994, lokacin kisan kiyashin Ruwanda, 'yan Tutsi kimanin dubu biyu suka gudu suka shiga cocin Nyange, suna zaton babu mai taɓa su a ɗakin Allah. Limamin wurin, Athanase Seromba, ya zauna a sahun manyan gari da masu kisa. Aka kawo motar rusau aka rushe ginin a kan mutanen da ke ciki. Daga baya ya tsere zuwa Italiya ya ci gaba da aikin firist da wani suna. Kotun duniya da ke zama a Arusha ta same shi da laifi a 2006, sannan a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai.

A farkon 2014 kuma, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, bayan 'yan Seleka sun rasa mulki, mayaƙan Anti-balaka suka shiga farautar Musulmi gari-gari don ramuwa. A garin Bossemptele akwai wani matashin firist ɗan Togo, Bernard Kinvi, wanda ke kula da asibitin mishan. Ƙungiyarsa ta Kamiliyan tana ɗaukar wa'adi na musamman cewa za su yi jinyar marasa lafiya ko da ransu zai salwanta. Ya buɗe asibiti da harabar coci ga ɗaruruwan Musulmi, yawancinsu Fulani. Ya bi unguwanni da bayan gari yana neman waɗanda suka ɓuya, yana goya naƙasassun da danginsu suka kasa ɗauka, yana kwashe gawarwaki yana binnewa. Masu adduna suna zuwa suna yi masa barazana, shi kuwa yana jinyar nasu masu rauni a asibitin nan dai. Shi da sistocin da ke garin suka riƙe mutanen har aka samu manyan motoci suka tsallaka da su Kamaru.

Riga iri ɗaya ce, littafi ɗaya, addu'a ɗaya suke karantawa da asuba. Ban ce duk firist mai girman kai zai zama Seromba ba, Allah ya kiyaye. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ranar da miya ta ƙare mutum yakan tsaya ne a inda ya saba tsayawa. Wanda ya saba zama da manya, ranar tashin hankali wurin manya zai nufa. Wanda hannunsa ya saba da gyambon talaka, ƙafarsa da kanta za ta kai shi inda ake kuka. Mu da muke zaune a arewacin Nijeriya, inda coci da masallaci suka sha zama mafakar masu gudun rai, ba mu da damar ɗaukar wannan magana da wasa. Mun ga Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista sama da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa a Jihar Filato a watan Yuni na 2018. Mun ga Bishop Stephen Mamza ya buɗe babbar cocin Yola ga waɗanda Boko Haram ta koro a 2014, daga baya ya gina musu gidaje, har da masallaci don Musulmin cikinsu, duk da surutun da wasu nasa suka yi. Irin waɗannan mutane ba a ranar masifa suke koyon buɗe ƙofa ba.

Yanzu bari in juyo kanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da wani ɗan'uwana ya samu shiga makarantar limamai, gwaggonmu ta rangaɗa guɗa ta ce gidanmu ya huta da talauci. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa. Mu ne muke yin karo-karo mu saya wa sabon firist mota ranar keɓewarsa, tun bai binne gawa ko ɗaya ba, alhali katikis ɗin da ya shekara talatin yana taka keke zuwa ƙauyuka yana jiran ɗan alawus ɗinsa wata da watanni. Mu ne muke gwada cocinmu da ta maƙwabta ta tsayin gidan Fada. Mu ne dattijo mai furfura zai rusuna wa yaro sa'an jikansa, yaron kuma ya bar shi a rusune. Idan aka turo mana firist mai sauƙin kai, wanda ke zama a tabarma ya sha kunu da mu, sai ka ji ana raɗa cewa wannan bai san darajar kansa ba. Mun ɗauko tsarin fada, da zagi da 'yan rakiya da kirari, mun kai shi bagadi, sannan muna mamakin yadda bara ya zama hakimi. Ga kuma wani abin haushi: wa'azin tawali'u kullum ƙasa yake gangarowa. Matan zumunta da ke share coci, su dafa abincin baƙi, su yi jinyar marasa lafiya, su wanke gawa, su ake tunatarwa su yi biyayya, alhali su ne suka riƙe daro da tawul shekara da shekaru ba tare da kowa ya ɗauki hotonsu ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba duka ne na banza ba. Za a ce firist na dayosis bai yi wa'adin talauci ba, 'yan ƙungiyoyin zuhudu ne suke yi. Haka ne. Amma kundin dokokin coci na 1983, a doka ta 282, ya umarci limamai duka su riƙi sauƙin rayuwa, su guji duk abin da ke da kamar alfahari, kuma abin da ya ragu bayan bukatarsu su mayar ga aikin coci da taimakon mabukata. Rashin wa'adi bai zama lasisin tara dukiya ba. Za a ce ƙasar ba lafiya, firist yana bukatar katanga da mota mai ƙarfi. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci. An sace Michael Nnadi, ɗalibi ɗan shekara 18, daga makarantar limamai ta Kaduna a watan Janairu na 2020 aka kashe shi. An ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro ta Jihar Neja a Janairun 2023, shi da ya tsira daga bam ɗin Madalla na Kirsimetin 2011. Ba zan ce wa mai ƙauyuka ashirin a ƙarƙashinsa ya tafi a ƙasa ba, ba kuma zan ce ya kwana ƙofa a buɗe ba. Sai dai kowa ya san bambancin motar da aka saya don ta haye rafi da damina da wadda aka saya don a gani a wurin biki. Katangar da aka yi don ɗan bindiga kuma, in ta koma tana tare tsohuwa mai neman addu'a, ta sauya aiki.

Amsa ta uku ita ce ta fi yawa a bakin dattawanmu: a bar kaza cikin gashinta, kada a ba maƙiya abin faɗa, musamman a inda muke 'yan tsiraru. Wannan rufa-rufar an gwada ta a wasu ƙasashe, an ga abin da ta haifa. A 2002 jaridar Boston Globe ta tona yadda ake sauya wa limaman da suka lalata yara wurin aiki maimakon a hukunta su. A 2021 wani kwamiti mai zaman kansa a Faransa ya ƙiyasta cewa yara 216,000 ne limamai da 'yan zuhudu suka ci zarafinsu tun daga 1950. Fafaroma Francis da kansa, a wasiƙarsa ta watan Agusta 2018, ya danganta wannan bala'i da ɗabi'ar fifita limamai a kan sauran jama'a. Yaron da aka koya wa cewa Fada ba ya kuskure, wa zai kai wa ƙara? Uwar da ta saba rusunawa, da wane baki za ta yi tambaya? Kowane addini yana da nasa masu cin abinci da rigar Allah, na sani, amma ɗakina nake sharewa.

Francis, wanda ya rasu ran 21 ga Afrilu, 2025, ya gane cewa wa'azi kaɗai ba ya gyara wannan. Ya ƙi shiga fadar fafaromomi ya zauna a masaukin baƙi. A Alhamis Mai Tsarki ta farko bayan zaɓensa a 2013, ya tafi gidan yarin yara a birnin Rum ya wanke ƙafar fursunoni goma sha biyu, cikinsu da mata da Musulmi. A 2016 ya yi haka a sansanin 'yan gudun hijira, har da 'yan Nijeriya a cikin waɗanda ya durƙusa wa, kuma a shekarar ce aka gyara ƙa'ida ta yadda za a iya zaɓar mata a wannan hidima a ko'ina. Da bishop na Limburg a Jamus ya kashe kimanin Yuro miliyan 31 a ginin mazauninsa, an dakatar da shi a 2013, ya sauka a 2014. Mun yi tafi daga nesa. Nawa ne daga cikin cocinmu suka sauya mutanen da ke zama a bencin nan?

Ba sai mun je Turai neman abin koyi ba. Cyprian Tansi, ɗan Aguleri, wanda aka keɓe a 1937, a ƙasa da keke ya yi ta zaga ƙauyukan ƙasar Ibo, yana cin abin da talakawansa suke ci, yana taka ƙasar gini tare da su, kafin ya tafi gidan zuhudu a Ingila a 1950 ya rasu a can a 1964. Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Nijeriya a watan Maris na 1998 ya ayyana shi mai albarka. Hotonsa yana rataye a gidajen limamai da yawa. Ina fata masu gidajen suna ɗaga kai su dube shi kafin su aika wa mai gadi da saƙo.

Abin da nake nema daga iyayenmu bishop-bishop bai fi ƙarfinsu ba, domin yana cikin dokarsu. Doka ta 537 ta wajabta kwamitin kuɗi a kowace coci, doka ta 1287 kuma ta ce a riƙa ba jama'a bayanin abin da suka bayar. A karanta lissafin baiko a fili, a manna shi a ƙofa. A daina mayar da tura firist ƙauye horo, birni kuma lada. A sa ɗaliban limanci su yi wata da watanni a asibiti da gidan yari da sansanin 'yan gudun hijira, suna aikin hannu, kafin a ɗora musu hannu. Mu kuma na kan benci, kuɗin motar keɓewa mu fara biyan katikis da shi.

Mijin tsohuwar nan ya cika kafin asuba. Katikis ɗin ƙauyensu ne ya zauna da shi har ƙarshe, yana karanta masa addu'a da fitilar aci-balbal, shi ne kuma ya binne shi ranar Asabar. Na san haka domin katikis ɗin mahaifina ne. Da ya dawo gida ya jingine kekensa, ya ce in kawo masa ruwa a daro, ya zauna a bakin ƙofa ya wanke ƙafarsa da kansa.